Malafar Clarrie da Makullan Filin Jirgi

A garin Wandalli, kafin ka ga Clarrie Hobday sai ka fara jin sa. Tarin makullai ne rataye a ɗamararsa, suna kacau-kacau duk inda ya jefa ƙafa, alhali guda biyu ne kacal a cikinsu ke buɗe wani abu: na ƙofar filin jirgi, da na rumfar da ake ajiye gangunan mai. Sauran na tsofaffin kwaɗuna ne da suka daɗe da ɓata, ya bar su don su ƙara wa tafiyarsa kwarjini.

Abu na biyu da aka san shi da shi malafarsa ce, wata tsohuwa mai faɗin baki wadda gumi ya dafe. Mazan yankin dama ba su wasa da malafa, amma na Clarrie ya wuce misali. Da ita a kansa aka ɗaura masa aure, da ita ya kwanta a kujerar mai cire haƙori, shi kansa limamin coci ya yi harara har ya gaji ya ƙyale shi. Idan aka tambaye shi dalili, sai ya ce gashinsa ne ya yi yawa, in ya sake shi matan garin ba za su bar shi ya huta ba.

Aikinsa bai taka kara ya karya ba. Kullum da sassafe zai buɗe ƙofa, ya shiga a-kori-kurarsa, ya bi jar ƙasar filin yana danna hon yana korar kangaru, don kada jirgin likita ya sauko a kansu. Shi ke nan. Amma Clarrie yana son aikin nan kamar ransa, kuma a bakinsa shi ne mai kula da sararin samaniyar Wandalli baki ɗaya.

To, ana nan sai lokacin tattara shanu ya zo. Jirage masu saukar ungulu suka cika sama suna koro garken shanu daga daji, amma ko ɗaya bai sauka a Wandalli shan mai ba. Duk garin Noonbarra suke wucewa, domin a can ana zuba musu mai alhali farfelar jirgi na juyawa. Matuƙa ba su son kashe inji, saboda kafin ya huce a sake tayar da shi, shanun da aka sha wuyar tarawa sun watse kowace ta kama gabanta.

Wata la'asar Clarrie na zaune a mashaya yana ba da labarin yadda ya taɓa korar kangaru da harara kawai, sai ga Glenys Tuckwell, shugabar ƙaramar hukuma, mace mai magana ɗaya. Ko zama ba ta yi ba.

"Clarrie, gangunanmu na can suna tsatsa," in ji ta. "Kansiloli sun ce in damina ta zo ba jirgin da ya sha mai a filin nan, a karɓi makullan a ba wani ya gwada."

Athol Brennan, direban babbar motar shanu, wanda tun suna makaranta yake tsokanar Clarrie, ya ajiye kofinsa. "Ni fa ɗamarata tana da fili, Glenys. Kuma ba na korar kangaru da ido, da mota nake yi."

Hannun Clarrie ya kai kan makullan ba tare da ya sani ba. Amma maimakon ya yi shiru, sai bakin ya riga hankalin fita.

"Zuba mai farfela na juyawa? Wannan ne abin da ake yi wa Noonbarra kirari? Haba! Ni da na yi soja a New Guinea, jirgi ko sauka ba ya yi. Yana shawagi a saman kaina nake miƙa masa tiyo, ɗaya hannun kuma ina shan shayi."

"A kicin ka yi sojanka, mutumina," in ji Athol. "Dankali kaɗai ka taɓa gani yana juyawa, shi ma a tukunya."

Mashaya ta kwashe da dariya. Clarrie ya miƙe, ya wuce bayan kanta, ya fizgo oba-obar da ke rataye a bango, wadda duk gandun shanun yankin ke saurare, ya danna ya daddage.

"Jama'a, Clarrie Hobday ke magana daga filin jirgin Wandalli. Daga ranar Asabar, duk mai so ya sauko ya sha mai ba sai ya kashe inji ba. Ƙwararre ne a bakin aiki. Noonbarra su nemi wata sana'ar."

Sai muryar wani makiyayi ta fito daga nesa cikin ƙarar iska: "Clarrie, wane ne ƙwararren? Baƙo aka kawo?"

Kafin ya isa gida labari ya riga shi, domin matarsa Merle tana da oba-oba a kicin kusa da tukunyar shayi. Ya tarar da ita tana fere kabewa.

"Sannu da zuwa, ƙwararre," in ji ta. "Jiya da ka zuba ruwa a buta, ni na goge ƙasa."

"Butar ce bakinta ya yi ƙanƙanta."

"Na jirgin wagege ne?"

Abin da ya ɗan cece shi, akwai ɗiyar ƙanwar Merle mai suna Tegan, matuƙiyar jirgin korar shanu, wadda ba ta iya ce wa innarta a'a. Washegari ta biyo ta gidan da ƙura har a girarta, ta zaunar da Clarrie a baranda.

"Kawu, zan sauka ranar Asabar, amma saboda Inna Merle. Ka saurare ni da kyau. Ta gaba za ka zo, inda nake ganin ka, a sunkuye. Kada ko da wasa ka doshi wutsiya, ƙaramar farfelar can ba ta san kawun kowa ba. Mutane su tsaya can nesa. Kuma ba za ka zo da malafa ba."

Clarrie ya yi dariyar manya. "'Yar nan, tun kafin a haife ki..."

"Ba malafa, Kawu. Iska za ta ɗauke ta, kai kuma za ka bi ta da gudu. Haka kowa yake yi, haka kuma ake mutuwa."

"Na ji," in ji shi. Ya ji ɗin kuwa, amma ta kunnen hagu ya shiga ta na dama ya fita.

Da ta tafi sai ya ce ai soja ba ya fita fage sai da atisaye. A bayan gida akwai ƙarfen shanyar Merle, irin mai juyawan nan da ke tsaye kamar laimar da aka cire wa yadi. Clarrie ya ce wannan shi ne jirgi. Ya ba Merle umarni ta riƙa juya shi da ƙarfi tana yin ƙarar inji da baki, shi kuma ya ɗauko tiyon ban-ruwan lambu ya ja da baya.

"Ba zan yi ƙarar inji ba," in ji Merle.

"To juya kawai. Ki lura da tafiyar ƙwararru."

Ya taho a sunkuye yana sanɗa. Da ya iso ƙarƙashi sai ya hango matar maƙwabci ta leƙo ta kan shinge, ya ga bai kamata a gan shi a duƙe kamar mai neman allura ba, ya miƙe tsaye don ya gaishe ta. Jiƙaƙƙen wandonsa da ke kan shanya ya zagayo ya wanka masa mari. Kafin ya farfaɗo, zanin gado ya naɗe masa fuska, ya matse bakin tiyon, ruwa ya feshe matar maƙwabcin daga kai har ƙirji. Ita kuwa ba ta tsaya goge jiki ba, oba-obarta ta nufa.

Darasi ɗaya Clarrie ya ɗauka daga wannan atisaye: malafar ta kusa faɗuwa. Saboda haka ya yanko igiya daga shanyar Merle, ya huda bakin malafar ya ɗaura, ɗaya ƙarshen kuma ya ƙulla a zoben makullansa da ke maƙale a ɗamara da wata tsohuwar ƙugiya. Ya girgiza kai a gaban madubi, ya yi tsalle, malafa na nan daram.

"Tegan ta ce ka bar ta a gida," in ji Merle daga bakin ƙofa.

"Ta ce kada iska ta tafi da ita. Ina za ta tafi, ga makullai na riƙe da ita? Wannan ita ake kira dabara, Merle. Ba a koyar da ita a makarantar tuƙi."

"Wanda bai ji bari ba dai," in ji ta, ta bar masa sauran ya ƙarasa da kansa.

Ranar Asabar duk Wandalli ta juye a filin jirgi. Ƙungiyar matan gari ta kawo teburin shayi da kek iri-iri, a tsakiya kuma ga wani farin kek mai tudun kirim wanda Glenys ta gasa da hannunta, ba ta kuma yarda kowa ya matsa kusa da shi. Da farko matan sun kafa teburin a bayan rumfa, inda Tegan ta ce. Clarrie ya zo ya ce sam.

"Nisa ai na matsorata ne. Ku matso da shi nan gaba, ku ga aiki da idonku, kada gobe a ce an ce."

Athol kuma ya hau kan rufin motarsa da oba-oba a hannu. Shi ne mai sharhin sukuwar dawaki duk shekara, ya ce ba zai bar mutanen daji su rasa wannan ba.

Can sai aka ji fat-fat-fat daga yamma. Tegan ta zagayo, ta hango tebur da mata inda bai kamata ba, sai ta wuce alamar da Clarrie ya zana da farar ƙasa ta sauka can gaba. Clarrie ya ja tiyon mai daga bayan a-kori-kurarsa da gudu, tiyo ya ƙare a rabin hanya, ya fizge shi baya ya zauna daɓas.

"Jama'a, an fara," in ji Athol a oba-oba. "Ƙwararre ya ɗan zauna ya huta. Da alama wannan ma cikin aikin ne."

Clarrie ya tashi ya kakkaɓe wando, ya koma ya tuƙo a-kori-kurar da gangar man a baya, ya tsaya daga gefe. Tegan na hango malafar ta shiga buga kanta da tafin hannu tana nuna masa ya cire. Clarrie ya san sarai abin da take nufi, amma ga mutane na kallo, sai ya ƙame ya sara mata irin ta soja, ya ɗauki bakin tiyo ya sunkuya ya shiga ƙarƙashin farfela.

Ashe iskar jirgi ba ta san ta ƙarfen shanya ba. Ta daki ƙasa ta taso, ta shiga ƙarƙashin bakin malafar, ta ɗaga ta cak. Malafar ta tashi iya tsawon igiyar tana rawa a iska tana fizgar ɗamararsa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da ya bayyana a tsakiyar filin nan wani kai ne tal, fari fat, santsi kamar ƙwan da aka ɓare, a ɗore kan fuskar da rana ta gasa ta koma ja. Ko sili ɗaya babu. Wata tsohuwa ta sa hannu ta kare idonta.

"Allah mai iko!" in ji Athol. "Jama'ar daji, wata ya fito da tsakar rana a Wandalli! Matan gari, ku riƙe zukatanku, an saki gashin!"

Clarrie ya rufe kan da hannu ɗaya, ya kai ɗayan zai cafko malafar, tiyo ya faɗi. Tsohuwar ƙugiyar nan ta ce ita fa ta gaji, ta buɗe. Malafar ta faɗi a kan bakinta ta shiga mirgina kamar taya, makullai na biye da ita a ƙarshen igiya suna tsalle suna kacau-kacau. Sai ta yi kwana ta bi ta bayan jirgi.

Abin da Tegan ta faɗa, shi ya faru. Clarrie ya manta da gaba, ya manta da baya, ya kwasa a guje ya nufi wutsiya. Merle ta kurma ihu, kofin shayi ya suɓuce daga hannunta. Allah ya yi da sauran kwanansa, tiyon da ya yar ya harɗe masa ƙafa, ya kifa da ciki a jar ƙasa tun bai kai ba. A daidai lokacin Tegan ta kashe injin.

Ƙarar ta mutu, farfela ta ci gaba da juyawa a hankali, a hankali. Cikin shirun nan ba a jin komai sai kacau-kacau, da muryar Athol a oba-oba.

"Yana numfashi, jama'a, yana motsi. To mu koma kan sukuwa. Malafa ce a gaba, makullai na biye, Clarrie ya faɗi a kwana ta farko. Malafa ta miƙe hanya, ta doshi teburin shayi, mata na watsewa..."

Malafar ta daki wani ɗan dutse ta yi sama, ta juya sau ɗaya, ta sauka ta kife a kan farin kek ɗin Glenys, kirim ya fantsama. Makullan suka biyo baya suka nutse a gefe. Jar ƙurar da jirgi ya tayar kuma ta sauka a hankali a kan duk abin da ya rage, har da shayin.

Glenys ta tsaya tana kallon kek ɗinta. Ta sa yatsu biyu ta zaro makullan, ta kwance igiyar, ta goge su da tsumma.

"Na gode, Clarrie," ta ce da murya mai ƙarfi. "Na yi zaton sai mun kai ruwa rana kafin ka ba da su. Ban san har tebur za ka aiko mini ba."

Ta juya ta miƙa wa Athol. Karen Athol kuma, da ya ga malafa ta sha kirim, ya cafke ta ya shige daji da ita.

Tegan ta sauko fuskarta a murtuke, ta ɗaga kawun nata tsaye, ta duba shi sama da ƙasa, sannan ta leƙa gangar.

"Kawu, ko murfin gangar ba ka buɗe ba."

"Ai mataki-mataki ake bi," in ji Clarrie. Hannunsa ya kai ɗamara ya shafo wayam. Wannan ya fi sanƙon yi masa ciwo, ya tsaya a tsakiyar filin da yake sharewa kullum kamar baƙo, yana tunanin me zai tashe shi gobe da safe.

Merle ta ratso mutane ta zo. Idonta ya yi ja. Ta ciro tata malafar ta zuwa coci, mai furannin roba da jan kirtani, ta kifa masa.

"Riƙe, kafin rana ta soya maka ƙwaƙwalwar da ba ka amfani da ita."

"Merle, sun gani," ya ce a hankali.

"Sun gani me? Kai kaɗai ne a garin nan ba ka san kowa ya sani ba. Mai aski yana tsallaka titi ya gaishe ka don tausayi."

Washegari gari na wayewa Clarrie ya farka kamar kullum, ya zauna a bakin gado ba shi da inda za shi. Sai oba-obar kicin ta yi ƙara. Muryar Athol ce, cike da barci.

"Clarrie, mutumina, kana ji na? Wai da gaske kullum da wannan sanyin ake korar kangarun nan?"

"Kullum. Har da Lahadi."

Sai Athol ya ce, "To ka san bayana yana ɗan damu na. Ko za ka leƙa? Makullan suna wurina, amma ka bi ta gefen ƙofa inda shinge ya faɗi. Kowa ta nan yake bi."

Clarrie ya san da ɓarakar nan fiye da kowa, shekara da shekaru yana wuce ta ya je ya buɗe ƙofa da makulli. Duk da haka ya zura takalmi, ya kifa malafar furanni, ya tayar da mota.

Da la'asar sai ga shi a mashaya, ba kacau-kacau, furanni na rawa a kansa, ya ja kujera ya zauna.

"Ku faɗi gaskiya," ya ce. "A Noonbarra akwai wanda ya taɓa kashe injin jirgi daga waje, ba tare da ya taɓa shi ba? Kaina kawai na nuna masa, ya yi tsit."

Merle, wadda ta biyo shi karɓar malafarta, ta tsaya a bayansa ta sa hannu a kan malafar.

"To, ƙwararre, zan je taron mata. In cire malafata a nan, ko ka taso mu tafi gida ka ba ni?"

Clarrie ya riƙe bakin malafar da hannu biyu, ya miƙe ya bi ta.